Iya ba ta cikin salsala

A gidanmu akwai wata takarda da ake ce wa salsala. Warƙa ɗaya ce tal, da rubutun Larabci irin na allo: wane ɗan wane, ɗan wane, tun daga kan kakana har zuwa wani malami da aka ce daga gabas ya taso. Sunaye tara ne. Tun muna yara aka sa muka haddace su, aka kuma ce mana malamin nan na ƙarshe jikan wani sahabi ne. Ba wanda ya taɓa tambaya.

Ni lissafi na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma lissafin ne ya hana ni sakat. Tsakanin haihuwar uba da ta ɗa, in an yi ƙiyasi, shekara 30 ce. A ce 35 ma, tunda maza kan haihu har tsufa. Ko ta ina aka ja, sunaye tara ba za su kai mutum baya fiye da shekara 300 ba. Tsakanin kakana da zamanin sahabbai kuwa akwai wajen shekara 1,300, abin da ke buƙatar sunaye kusan arba'in. Ban ce wani ya zauna ya shirga ƙarya ba. Haka salsala take a ko'ina: ana riƙe na kusa domin an san su, ana riƙe na can ƙoli domin da shi ake ado, na tsakiya su zube. Amma wani lokacin na ƙolin ma aro shi ake yi.

Lissafi na biyu ya fi damuna. Kowane mutum yana da iyaye biyu, kakanni huɗu, iyayen kakanni takwas, na gaba da su goma sha shida. A kowane hawa, mutum ɗaya takardarmu ta sani. Cikin takwas ɗin nan da jininsu ke jikina bakwai babu su, kuma duk warƙar ba mace ko ɗaya. To, su wa suka haifi mutanen nan tara?

Da mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa, na duba na ga a ɗakinsu saura Goggo da Baffa, autansu. Goggo ta haura tamanin, ido ya yi rauni amma kai garau. Wajenta na fara.

Tsoho ba a tambayarsa shekara. In ka ce, "Goggo, wace shekara aka haifi kaka?" sai ta ce, "Ni na rubuta?" Abin da za ka tambaya shi ne wa ya girmi wa, wa ya goyi wa, wa ke ciki lokacin da aka yi abu kaza. Akwai manyan abubuwan da ba wanda ke musun shekarunsu, da su ake auna sauran. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. An yi babbar yunwa daga 1913 zuwa 1914, wadda wasu wurare ke kira Kakalaba. Marisuwa, annobar murar nan da ta game duniya, ta shigo a ƙarshen 1918. Goggo ba ta san ko ɗaya cikin lambobin nan ba, amma ta ji daga bakin manya cewa bayan yunwa aka haifi ubanta, kuma an yaye shi ba da jimawa ba marisuwa ta zo ta kwashi mutane. Takardar asibitin kaka kuwa 1 ga Janairu, 1920 ta ce. Duk wanda ya saba da tsofaffin takardu ya san wannan ɗaya ga Janairun: akawu ne ya kalli fuskar mutum ya yanka masa shekaru.

Ina ajiye waya tana ɗaukar murya, in bar ta ta yi ta zuba. Rannan na ce, "Goggo, wa ta haifi kaka?"

"Iya mana."

"Sunanta fa?"

Ta faɗa mini.

"'Yar wane ce?"

Ta yi shiru, ta gyara zama, ta ce, "Kai yaro, ka cika tone-tone."

Ban matsa ba. Sai bayan wani lokaci, muna maganar wani abu daban, ita da kanta ta dawo kan zancen. Ta ce ta san Iya sarai, a ɗakinta ma ta tashi, domin Iya ta yi tsawon rai har bayan an sami mulkin kai. Ta ce zanen da ke fuskarta ba irin na kowa ba ne a unguwar. Kowace mace a gidan tana da inda take zuwa ganin dangi, ban da Iya. Ba wanda ya taɓa sallama ya ce shi ɗan'uwanta ne. Akwai dai wani babban gida a garin da takan je gaisuwa, in ta je kuma daga bakin ƙofa take durƙusawa. In tana aiki ita kaɗai takan yi wata waƙa da wani harshe da ba mai ji. Goggo ta rera mini abin da ta riƙe, 'yan baitoci kaɗan, ita ma ba ta san me suke nufi ba. Sannan ta ce, "Sau ɗaya na tambaye ta garinsu. Ta ce abin da take tunawa, akwai dutse a bayan gidansu, sai dawakai da asuba."

Na gane abin da take gaya mini, ita ma ta san na gane. Amma ji daban, shaida daban.

Littattafan gidan suna hannun Baffa, cikin wata tsohuwar gafaka. Ya yarda in duba, da sharaɗin a gabansa. Warƙoƙi ne barkatai, na fiƙihu da na waƙoƙin wa'azi, wasu gefensu ya gutsuttsure. Mai neman asali ba tsakiyar shafi yake karantawa ba, gefe yake bi da ƙarshen littafi, inda mai kwafe yakan rubuta sunansa da na ubansa ya roƙi addu'a. In ka ɗaga warƙa ta fuskanci haske, wani lokaci za ka ga tambari a cikin jikin takardar. Wasu namu jinjirin wata uku ne a jere, irin takardar da ake yi a arewacin Italiya, musamman a masana'antar gidan Galvani da ke Pordenone, fatake su ketaro da ita Sahara. Tambarin ba zai ba ka shekara ba, amma zai hana ka cewa warƙar ƙarni na goma sha tara ta shekara dubu. Salsalar tamu ko wannan tambarin ba ta da shi. A kan takarda mai layi-layi aka rubuta ta, irin ta zamanin Turawa.

A gefen wani littafi na ga layi biyu da wata tawada daban: an haifa wa wane ɗa namiji, aka sa masa suna kaza, shekara ta 1334. Sunan kakana ne. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana goma sha ɗaya, don haka in kana son juya ta sai ka ninka da 0.97 ka ƙara 622. Ya ba ni 1916, kuma shekarar 1334 ta kama ne daga Nuwamban 1915. Yaron da aka haifa lokacin yana da shekara biyu zuwa uku marisuwa ta zo. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba ta fi takardar asibiti gaskiya da shekara huɗu. Layin bai ambaci wadda ta haihu ba.

A ƙasan gafakar akwai 'yan takardun haraji a ƙudundune. A jikin ɗaya aka rubuta sana'ar uban kakana: rini. Mu da aka ce mana gidan malamai ne kaka da kakanni. Baffa ya ce ai malami ma yana sana'a. Gaskiya ne, na bar shi a haka.

Daga nan sai Kaduna. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa ta samo asali ne a 1954, da ƙoƙarin Kenneth Dike, kuma reshenta na Kaduna ne ke riƙe da takardun lardunan Arewa. An kasa su lardi-lardi, ga na ofishin sakataren Arewa daban. Akwai kuma Arewa House, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Abdullahi Smith ya fara jagorantarta. Ma'aikacin da ya karɓe ni ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, kakan naka sarauta ya yi?" Na ce a'a. "Ya yi aikin gwamnati, ko ya yi laifi?" Na ce ban ji ba. Ya yi murmushi ya ce to sai haƙuri.

Na fahimci murmushin da aka fara kawo mini fayil-fayil. Akwai rahotannin da Turawan mulki suka rubuta lokacin da suke zagaya gundumomi suna ƙiyasta haraji. An ƙirga maza, mata, yara, shanu, tumaki, jakuna, gonaki, har ramukan karofi. A rahoton gundumarmu na ga adadin marina, na san uban kakana yana cikin lambar nan, amma lamba ce kawai. Sunayen da ke ciki na hakimi ne da dagatai da iyayensu, su ma kamar yadda dagaci ya gaya wa tafinta, tafinta ya gaya wa Bature, Bature ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Muhammadu ɗaya sai ka gan shi Mamman a nan, Momodu a can. Duk wanda ya ɗauki rahoton Di'o a matsayin gaskiya tsantsa don kawai da keken rubutu aka buga shi, ya manta ta bakin mutum nawa maganar ta bi.

A wasu ƙasashe aikin ya fi sauƙi. Ingila ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1837, kuma daga ƙidayar 1841 ake rubuta sunan kowa gida-gida. Amurka tana sakin takardun ƙidayarta bayan shekara 72, shi ya sa na 1950 suka fito a 2022. Mu ƙidayoyin zamanin Turawa adadi suka bar mana, kuma dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Najeriya ta 1992 ce. Hukuma ba ta rubuta sunan talaka sai in tana son wani abu a wurinsa: haraji, ko aikin soja, ko hukunci. Neman marini a cikin tarin nan allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Maganar soja ma na ɗan bi ta, domin ƙanen kakana ya tafi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a can, kuma hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen mamatan a intanet. A bangon tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon kaɗai akwai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Sai dai sojojinmu yawanci sunan mutum ake haɗawa da sunan babban garin da ya ce ya fito, don haka masu irin sunansa suna da yawa. Ban ɗauki kowa na liƙa masa ba. Shafinsa na nan a buɗe.

Wanda ya nuna mini hanya wani tsohon muhutin kotu ne, wato magatakardan alƙali, abokin mahaifina. Da na gama ba shi labari sai ya ce, "Mata kake nema? To me ya kai ka takardun haraji? Mace a rabon gado ake samunta." Ya yi gaskiya. Alƙali ba ya iya raba dukiyar mamaci sai ya jera magada duka da sunayensu, domin kowa da rabonsa: matan aure su raba tumuni in akwai 'ya'ya, ɗiya ta ɗauki rabin abin da ɗa ya ɗauka. Wanda za a ba kaso dole a kira sunansa.

Ya kai ni wani ɗakin ajiya a bayan wata tsohuwar kotu. Abin da na gani a ɗakin nan har yau yana ci mini rai. Littattafan shari'a jibge a ƙasa, rufi yana yoyo, gara ta gina hanya ta cikinsu. Ka ɗaga littafi bangonsa ya biyo hannunka, cikin ya zube gari. Tarihin dubban gidaje ke nan, ba mai kula. Tsohon ya naɗe hannun riga, ya zauna a kan wani benci, ya ce in riƙa miƙo masa na shekarun 1930. Larabcina na makarantar allo ne, ba ya karanta rubutun muhutai, wanda suke ja a guje ba ɗigo ba wasali. Shi kuwa yatsa kawai yake bi da shi yana gunguni, ya juya, ya juya. Da ya zo wani shafi da ruwa ya ci kusan rabinsa sai ya tsaya, ya matso da shi kusa da ido.

"Zo nan. Wane marini, ko ba shi ba ne?"

Na ce, "Shi ne, Allah gafarta Malam."

Ya karanto. Mamacin ya bar gida da ramukan rini da gona. Ya bar mata biyu, ta biyun ita ce Iya, da sunan da Goggo ta faɗa mini. Ya bar 'ya'ya maza, ga kakana, ga wanda ya tafi Bama. Sai 'ya mace ɗaya wadda ban taɓa jin sunanta ba. An rubuta uban uwargidan. A wurin uban Iya kuwa ba a rubuta kowa ba, sai kalmar da ake sa wa wadda aka 'yanta. Tsohon ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ka san abin da wannan ke nufi?" Na ce na sani. Ya ce, "To ka koma Kaduna. Turawa sun rubuta waɗannan."

Sun kuwa rubuta. A 1901 gwamnatin Lugga ta yi shelar hana kamu da cinikin bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne. Amma ba ta saki waɗanda ke hannu ba. An bar su su fanshi kansu ta hanyar murgu, wato bawa ya yi aikin kansa yana biyan ubangidansa, ko wani ya fanshe su a gaban alƙali, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya ba sai 1936. Kowane lardi yana aika wa gwamnati jerin waɗanda aka 'yanta. Shafuka ne masu gida-gida: suna, mace ko namiji, ƙiyasin shekaru, ƙabila, yadda aka 'yanta, da inda aka yi da mutum bayan nan. A Amurka, ƙidayar bayi ta 1850 da ta 1860 ba ta ma rubuta sunayensu ba, sai shekaru da jinsi a ƙarƙashin sunan ubangida. Sai a 1870 suka fara fitowa da suna. Namu jerin ya fi wannan, ko da yake sunan da ke ciki wanda ubangida ya raɗa ne, ba wanda uwa ta sani ba.

Na san an haifi kakana wajen 1916, don haka na fara daga nan ina komawa baya. Sunan Iya ba baƙo ba ne a jerin, na ci karo da shi ba sau ɗaya ba, kuma suna kaɗai ba hujja ba ne. A shafukan 1914 na ga wadda shekarunta suka dace, 'yar ashirin da wani abu. A gidan ƙabila an rubuta sunan wasu mutane mazauna duwatsu. A gidan bayani an ce wane, marini, na gari kaza, ya fanshe ta daga hannun wane domin aure. Sunan marinin na uban kakana ne, garin namu ne. Sunan ubangidan na kwafe shi a takarda, na fita waje na buga wa Goggo waya. Ban gaya mata komai ba, na ce kawai, "Goggo, gidan nan da Iya ke zuwa gaisuwa, gidan wa ake ce masa?" Ta faɗi sunan da ke hannuna.

Na koma na zauna gaban littafin. Layi ɗaya ne, tsakanin wata mace a sama da wani yaro a ƙasa, da rubutun wani akawu mai kyan hannu. Ban san lokacin da hawaye suka zo ba. Ma'aikacin ne ya zo a hankali ya janye littafin gefe kada ya jiƙe.

In an haife ta wajen 1890, to tana yarinya aka kamo ta, kafin zuwan Turawa. Dawakan asuba ke nan. Shekarar da aka fanshe ta kuma ita ce ta yunwa, kuma ina zargin ba banza ba: gidan da ke fama da ciyar da kansa zai fi saurin sakin baki ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini shi ne kalmar fansa ɗin. Mata da yawa a jerin nan maza ne suka fanshe su domin aure, kuma masana tarihi sun nuna cewa sau da yawa ciniki ne aka sauya wa suna, tunda an hana saye a fili. Shin uban kakana ya ga wata ne ya so ta ya fitar da ita, ko kuwa mace mai sauƙin samu ya nema? An tambaye ta ko tana so? Takardar ba ta damu da wannan ba. Abin da ke hannuna shi ne, bayan shekara ashirin kotu ta lissafa ta a matar aure mai rabon tumuni, ba sa-ɗaka ba. Ina so in yi wa kakan nawa kyakkyawan zato, kuma na san son nan nawa ba shaida ba ne.

Na buga komai, na zana sabon jadawali mai rassa ta kowane ɓangare, maza da mata, kowane suna da inda na samo shi: wannan daga bakin Goggo, wannan daga gefen littafi, wannan daga kotu. Inda ban samu ba na bar gurbi fari. Na kai wa Baffa kafin kowa, domin shi ne babba.

Ya karanta har ƙarshe, ya ninke, ya ajiye a gefen tabarma. Ya ce, "Yanzu duk wahalar nan da ka sha, don ka zo ka ce mana mu jikokin baiwa ne?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa. Ba ni na ce ba. Kakarka ce, kai ma ka san ta."

"Na san ta. Na ce maka ban san ta ba? Amma muna da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba. Ka san bakin mutane. Abin da manya suka rufe, kai wa ya aike ka ka buɗe?"

Ban raina maganarsa ba, domin tsoron nasa ba na banza ba ne. Har gobe akwai gidajen da in an zo neman aure sai an bincika ko akwai bauta a asali. Na dai gaya masa abin da ke raina. Masana irin su Paul Lovejoy sun ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarni na goma sha tara bayin da ke daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Ina jikokinsu suka tafi? Kowa ka tambaya jikan malami ne ko jikan sarki, ba jikan bawa ko ɗaya a ƙasar nan. Su masu binciken asalin wasu, da za a buɗe musu littafin da na buɗe, da yawansu za su ga nasu layin. Na tuna masa Hajara uwar Annabi Isma'ila, da Mariya uwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Na ce yarinyar da aka ɗauke daga gaban iyayenta ba ita ce ke da abin kunya ba.

Ya ce, "Wa'azi za ka yi mini?" Na yi shiru.

Da labari ya kai wa Goggo, ta sa aka kira shi. Ina wurin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Auta, lokacin da ƙyanda ta kama ka, wa ya kwana da kai a baya yana zagaya tsakar gida? Malamin gabas ne?" Baffa bai amsa ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma ka rubuta ta. Amma ka rubuta cewa ta iya saƙa, kuma ba ta taɓa dukan yaro ba. Kada ka bar ta da abin da Bature ya rubuta kaɗai." Na ƙara shi yadda ta faɗa.

Mun rabu a kan cewa tsohuwar salsala tana nan a gafaka, ba wanda zai taɓa ta, jadawalina kuma ba za a raba shi a taron dangi ba, sai wanda ya nema. Baffa bai karɓi nasa ba. Babban ɗansa ya aiko in tura masa ta waya, kada in gaya wa tsohon.

Wani ɗan ƙanena da ke karatu a waje ya ce a yi gwajin ƙwayoyin gado a huta. Na bincika yadda abin yake. Gwajin ba ya ba da suna ko ƙauye, yanki yake nunawa, kuma samfuran da kamfanonin ke kwatantawa da su daga Afirka ba su kai na Turai yawa ba. Sannan wanda ke bin layin uwa zalla, daga uwa yake sauka zuwa 'ya'yanta, kuma 'ya'ya mata ne kaɗai ke miƙa shi gaba. Iya uwar kakana ce ta wajen uba, don haka ni ba na ɗauke da nata, Goggo ma na uwarta ta ɗauka. Sai an sami wanda ya fito ta tsatson 'yarta mace, daga mace zuwa mace.

Wato 'yar nan da ta fito a rabon gado. Da na karanta wa Goggo sunan ta daɗe tana juya shi, sannan ta ce ta taɓa jin Iya tana ambatonta. An aurar da ita ga wani falke tun kafin a haifi Goggo, ya tafi da ita yamma, ta zo gida sau ɗaya ko biyu, daga nan shiru. Ta tuna laƙabin falken da garin da aka ce sun zauna. Tsohon muhutin ya ce yana da wani ɗalibinsa da ya yi aiki a kotun yankin, ya kuma rubuta masa wasiƙa a duba ko littattafan gadonsu sun tsira. Waƙar kuma na ba wani malamin harsuna a jami'a, ya saurara, ya ce bakin Goggo ya sauya kalmomin sosai, amma zai kunna wa ɗalibansa da suka fito daga yankin duwatsun ya ji ko wani zai tsinci wani abu.